Hoto Mai Ƙifta Ido

Ranar Litinin, ƙarfe takwas saura kwata na safe, aka gano an ɗauke bustar makarantar.

Busta ƙaramar na'ura ce, ba ta fi littafin lissafi girma ba. Wurin zamanta wani akwatin ƙarfe ne a bangon matattakalar bene. Wayar kamfanin talabijin tana shigowa ta ofis ta faɗa cikinta, ita kuma ta ƙara wa sigina ƙarfi kafin a raba shi zuwa azuzuwa goma sha biyu, shida a ƙasa, shida a sama. Mako uku ke nan da gama aikin, kuma ta nan ɗalibai ke kallon darussan da ake watsawa kullum.

A safiyar, azuzuwan ƙasa sun sami hoto mai yashi-yashi. Na sama ba su sami komai ba. Shugabar makaranta ta sa aka buɗe akwatin. Wayoyi suna nan, busta babu. Kwaɗon kuwa lafiyarsa ƙalau, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da makullinsa: Baba Maigadi.

Kafin a fita tara, makaranta ta gama yanke hukunci. A ofishin malamai wani ya tuna cewa an taɓa neman bokiti an rasa. Wata ta ce ita dama shirun tsohon bai taɓa kwanta mata ba. Shugaba ba ta ce ɓarawo ne ba, amma ta karɓi tarin makullan da ke rataye a ƙugunsa shekara ashirin da biyu, ta ce ya dakata da aiki zuwa Alhamis da tsakar rana, lokacin da kwamitin makaranta zai zauna. Wata takwas suka rage masa ya yi ritaya. In kwamiti ya same shi da laifi, da sunan sata zai koma gida.

Matarsa ce ta je ta kira Mai-sawu.

*

Mai-sawu ya haura saba'in. Da ƙuruciya yana bin sawun dabbobin da aka sace. Daga baya ya yi shekara talatin a kamfanin tarho, yana bin layi daga turke zuwa turke har ya gano inda ya mutu. Ya iso ranar Talata da hantsi, da 'yar tocila da tabarau mai igiya.

"Kawu, ba na son hayaniya," in ji Shugaba. "Na yarda ka duba ne saboda hawayen matarsa, baiwar Allah."

"Ni ma ba na son ta, ranki ya daɗe. Tana hana ni gani."

Ya daɗe a gaban akwatin. Kwaɗon bai dame shi ba. Gefen ƙofar ya leƙa, inda hinji yake. Sukuru huɗu ne, fentin kansu ya ɗaye, ƙarfen yana ƙyalli. Ya sa tsinken ashana a tsagar ɗaya, ya fito da wani farin gari, ya murza shi a yatsa.

"Ba ta kwaɗo aka shiga ba," ya ce. "Ta baya aka kwance ƙofar, aka mayar."

"Mai makulli ma zai iya yin haka don ya ɓatar da mu."

"Zai iya. Sai dai da ya so ɓatar da ku, kwaɗon zai fasa, ba ya bar shi yana nuna shi ba."

Ya haska ciki. Wayar da ke shiga busta da wadda ke fita daga cikinta an haɗe su da ɗan ƙarfen haɗi, an naɗe da baƙin tef. Shi ya sa azuzuwan ƙasa ke samun ɗan abin da suke samu.

"Shekara hamsin ina bin ɓarayi," in ji Mai-sawu. "Yau na fara ganin wanda ya tsaya ya ɗinke wa masu kaya waya."

*

Wanda ya yi aikin wayar, wani ƙaƙƙarfan mutum da kowa ke kira Injiniya, ya zo a fusace. Ya ji cewa wasu malamai na raɗa wai shi ya dawo ya cire kayansa don ya kai wani wurin.

"Ni? Tun Juma'a ina kan rufin wani otal, mutum goma shaida. Kawu, dubi wannan haɗin don Allah. Ni zan yi wannan ƙazantar?"

"Mene ne laifinsa?"

"Da reza aka fere wayar! Ga gashinta nan a waje kamar gemun akuya. Ni da abin yanka na musamman nake yi. Wannan ya san wani abu, amma a littafi ya san shi."

Mai-sawu ya nemi taswirar aikin. Injiniya ya shimfiɗa ta a kan matattakala. Azuzuwa goma sha biyu, kowanne da jan layi. A ƙarshen barandar sama akwai wani ɗaki da layin bai kai ba.

"Wannan fa?"

"Sito ne. Ga shi nan a rubuce. Tsintsiya ba ta kallon talabijin."

*

Malaman suna da nasu sawun. Sun ja Mai-sawu zuwa bayan makaranta, inda aka ga alamun ƙafa a gindin katanga. Malamar lissafi ta ce masu sayen tsofaffin ƙarafa ne, ta nan suka haura, kuma ba za su haura ba sai da ɗan gari.

Mai-sawu ya tsuguna, ya auna sawun da tafin hannunsa, ya ɗaga kai ya dubi reshen mangwaron da ya leƙo ta saman katangar.

"Malama, ɓarayin naki su uku ne, babbansu bai kai shekara goma sha biyu ba. Abin da suka sata kuma sun riga sun shanye."

Aka yi dariya, ban da mutum ɗaya. Malamin kimiyya ne, siriri, wanda yara ke kira Malam Maganaɗisu. Ya biyo Mai-sawu har bakin famfo.

"Kawu, Baba ba ɓarawo ba ne. Wallahi ba shi ba ne."

"Ka ga wanda ya yi?"

"A'a. Na dai san halinsa."

"Kowa a nan ya san halinsa, Malam. Kai kaɗai ka rantse." Ya dubi babban yatsan malamin, wanda ke naɗe da filasta. "Sannu da ciwo."

"Ɗan yanka ne. Ba komai."

*

Baba Maigadi bai zauna a gida ba. Yana kan wani dakali a ƙetaren titi, daidai ƙofar makarantar, hannunsa yana yawan komawa ƙugunsa inda babu komai.

"Su wa suka shigo Asabar?" in ji Mai-sawu bayan sun gaisa.

"Masu darasin Asabar. Malamai huɗu da yaransu."

"Sun fita tare?"

"Sun dai fita."

"Na ga tsanin makaranta a ɗakinka, ƙafarsa ɗaya ba roba. Wa ya are shi?"

Tsohon ya bi wata mota da kallo har ta sha kwana.

"Ɗan'uwa, kai ake shirin kora, ba motar ba."

"Na sani."

"To?"

"Ban ɗauki komai ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kaina. Abin da ya shafi wani kuma, shi ma yana da baki."

"In bai buɗe shi ba fa?"

"Da sauran kwana biyu," in ji Baba Maigadi.

*

Ranar Laraba da safe Mai-sawu ya hau bene. Shugaba ta ba da umarni a bar talabijin a kunne a kowane aji, ko Allah zai sa. Duka shidan shuɗi ne fayau. A baranda ya tarar da Inna mai shara tana goge ƙasa, tana ƙin duban tagogi.

"Inna, ke ba wanda ya tambaye ki komai?"

"Wa zai tambayi mai tsumma? Ni dai na faɗa musu, ba busta ba ce matsalar benen nan. A kira masu addu'a."

"Me kika gani?"

Ta rage murya. "Akwatunan nan suna ƙifta mini ido. Hoto ya zo, ya tafi. Ya zo, ya tafi. Sau uku. Duka shidan a tare, kamar an haɗa baki."

"Yaushe?"

"Kullum, tun Litinin. Na gaya wa Injiniya, ya ce in rage shan shayi mai kauri."

Mai-sawu ya roƙi kujera a bayan aji na tara, ya ɗora agogonsa a gwiwa. Ƙarfe tara da minti arba'in aka kaɗa ƙararrawar canjin darasi, wani guntun ƙarfe da ake bugawa a tsakar makaranta. Ba a yi rabin minti ba hoto ya bayyana a talabijin, tas, ba yashi ko ɗaya. Ya ɓace. Ya dawo. Ya ɓace. Ya dawo, ya ɓace.

Yaran ba su ko ɗaga kai ba. Malaminsu ya ce ragowar sigina ne ke yawo a waya.

Ƙarfe goma da minti ashirin aka sake kaɗawa, hoton ya sake yin yadda ya yi.

Mai-sawu ya san waya ba ta ajiye ragowa. Hoto mai tsabta haka ba ya hawa bene sai da busta. Ke nan bustar ba ta bar ginin ba, tana kuma da rai, sai dai wani yana ba ta wuta yana ɗaukewa, sau uku, bayan kowace ƙararrawa.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan ya fita ya tsaya a tsakiyar baranda. Aka kaɗa. Ya bi ƙofofi da ido ɗaya bayan ɗaya. A can ƙarshe, ta gilashin da ke saman ƙofar sito, haske ya kama ya mutu, sau uku.

Ya je ya tura ƙofar.

Ba tsintsiya a ciki. Yara tara ne a kan benci uku, da allo, da babbar taga, da wata malama da hannunta ke kan makunnin fitila. Yaran suna rufe littafi suna ciro wani.

"Sannu da aiki, Anti. Me ya sa kike wasa da wuta?"

"Ba wasa ba ne, Baba. Kurame ne, ba sa jin ƙararrawa. Fitilar ce ƙararrawarsu. In na kunna na kashe sau uku, sun san darasi ya canza."

"Ba kwa barin ta a kunne?"

"Da wannan tagar? Sai in hadari ya haɗo."

Ta ce shekara biyu ke nan da aka kwashe kayan sito aka ba su ɗakin, amma a takarda har yau sunansa sito. Da aka zo aikin waya ta rubuta wa Shugaba sau biyu. Amsar ita ce ba sa cikin taswira, kuma nisan ya yi yawa, sigina ba zai kai ba.

"Abin da ya fi ci mini rai," in ji ta, "a kusurwar hoton akwai wata mata da ke fassara kowane darasi da maganar hannu. Mako uku azuzuwa goma sha biyu suna kallonta, ba mai bukatarta ko ɗaya."

Mai-sawu ya dubi ƙasa. Kusa da allo akwai ƙarce biyu a kan siminti, irin na ƙafar tsanin da ba roba. Ya dubi sama. A jikin murfin katakon silin akwai farin shatin yatsu huɗu. Wata yarinya a bencin gaba, siririya mai dogon wuya, tana bin idonsa duk inda ya kai shi. Ya tambayi Anti 'yar waye. Ta faɗa masa.

*

Ranar Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya, awa guda kafin zaman kwamiti, ya tara su a aji na tara: Shugaba, Injiniya, malaman Asabar su huɗu, Inna mai shara, da Baba Maigadi, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi zama.

"Inna, taimaka ki ce wa Anti ta kunna fitilar ajinta, kada ta kashe."

Inna ta tafi. Jim kaɗan hoto ya cika talabijin, wani malami yana zana alwatika a allo, a kusurwa kuma ga matar tana magana da hannu. Daga azuzuwan da ke gefe aka ji yara sun sa ihu.

Injiniya ya miƙe tsaye. "Ina bustar take?"

"A silin, saman ɗakin da taswirarka ta ce sito ne. Wani ya so ya kai waya can. Ya ji an ce nisa ya yi yawa, sai ya ɗauko bustar ya matso da ita, ya sa ta a kan layin sama. Ba soket a silin, don haka ya jona ta a wayar da ya samu. Ya ɗauka mai wuta ce kullum. Ashe ta fitila ce, bayan makunni."

"Kai!" in ji Injiniya, ya dafe kai. "Kuma da yake aikin, fitilar a kunne take."

"A kunne take. Ya zagaya ya ga hoto a ko'ina a sama, ya ji daɗi. Ya kashe fitila ya tafi gida."

Shugaba ta ce, "Wane ne?"

"Sukundirebarsa tana kwana da alli a aljihu ɗaya. Da reza yake fere waya, kuma rezar ta rama. Bai iya barin azuzuwan ƙasa ba hoto ba, don malami ne. Sunansa kuwa, ranki ya daɗe, akwai wanda ya yi kwana uku a kan dakali yana jiran ya ji shi daga bakin mai shi. Ba zan riga shi ba."

Malam Maganaɗisu ya tashi, yana riƙe da bakin tebur.

"Ni ne."

Ya yi bayani ba tare da ya ɗaga kai ba. Yarinyar bencin gaba autarsa ce. Ya yi niyyar kawo talabijin ɗin gidansa ranar Litinin, in hoto ya fito a ajinsu sai ya je ya faɗa wa Shugaba, ya karɓi faɗa. Da ya iso ya tarar sama ba hoto, sai ya tabbata ya ƙona bustar. Kafin ya yi shawara an buɗe akwati, an kira abin sata, an kulle tsani.

"Kullum sai in ce yau zan faɗa. In na zo ƙofar ofis sai ƙafata ta ƙi."

"Ƙafarka ta ƙi," in ji Shugaba, "ta dattijon nan kuma ta kai shi titi." Ta juya. "Baba, kai ka ba shi tsanin?"

"Ni na ba shi. Ya ce zai duba wani abu a ajin yaran."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"In na faɗa, ya zama ɓarawon da aka kama. In ya faɗa, ya zama uban da ya yi wauta. Yarinyar a nan take karatu, ranki ya daɗe. Duk sunan da aka kira shi da shi, ita za ta ɗauka."

"Da bai tashi ba fa?"

"Da na faɗa da azahar. Ni ma ina da 'ya'ya."

Malamin ya taka zuwa bakin ƙofa ya durƙusa. "Baba, ka yafe mini."

"Tashi, kada ka ɓata wandonka. Na yafe. Amma ka daɗe, Malam. Ka daɗe ƙwarai."

*

Zaman kwamiti bai wuce minti ashirin ba. An ba malamin takardar gargaɗi, an kuma ce gobe a taron safe zai tsaya gaban makaranta duka ya faɗi abin da ya faɗa a aji na tara, don kunnuwan da suka ji zargi su ji wankewa. Shugaba ta ce ita ma tana da abin faɗa a wurin, tunda ita ta karɓi makullan.

Injiniya ya sauko daga silin da bustar a hammata, yana ta mita a kan haɗin reza. Ya ce zai mayar da ita akwatinta. Abin raba siginar yana da baki goma sha shida, huɗu a banza suke, kuma da waya mai kauri hoto zai kai ƙarshen baranda ba tare da an motsa komai ba.

"Da an tambaye ni, da tuni an wuce wurin. Amma ni ba na ja wa sito waya."

Shugaba ta karɓi taswirar, ta soke kalmar da biro, ta rubuta a samanta: aji na goma sha uku.

Da aka tashi, Mai-sawu ya tsaya a bakin ƙofar makaranta yana goge tabarau. Baba Maigadi ya koma kujerarsa, an mayar masa da makullansa. Yaran Anti suka fito a jere. Autar malamin ta tsaya a gaban tsohon, ta kai hannu ƙugunta ta girgiza shi.

"Me ta ce?" in ji Mai-sawu.

"Sunansa ne a maganar hannu," in ji Anti. "Mai makullai. Tun Litinin take yi masa daga ƙetaren titi, shi kuma yana kau da kai."

Baba Maigadi ya miƙe, ya kama tarin makullan da ke ƙugunsa, ya ɗaga su daidai idonta, ya girgiza sosai yadda za ta gani.